Kunnuwan Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wakilin mai martaba sarki, malam liman, wakilin magajin gari, dattawan Madarumfa; Inna Inde, mahaifiyar marigayi, uwarmu duka; Yaya Ɗan Azumi, wansa; Farida matarsa da yara; jama'ar da ta zo sadakar arba'in: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya.

Ni ne Ɗanladi, mutumin Gabi, abokin aikin marigayi Wada a masana'antar ƙera motoci a Faransa. Sa'idu ne ke karanta muku wannan wasiƙa, domin takardun zamana suna hannun hukuma, in na fita ba ni komowa. Haka zaman nan yake. Na wanke shi, na raka akwatin gawarsa filin jirgi, can iyakata.

Ya kasance mai auna ƙara da girgiza. Kafin a fitar da sabuwar mota, ana shigar da ita wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ɗakin da murya ba ta amsa kuwwa. Wada zai jera makirofo inda kunnen direba zai kasance, ya manna ƙananan na'urori a jikin inji, da ƙofa, da ƙarƙashin kujera. Sai a tada inji har ƙarshen ƙarfinsa, shi kuma yana duba allo, yana neman abin da ke kaɗawa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana sa motoci su yi shiru saboda mutanen da ba su san sunansa ba. Mu kuwa sai sun tsufa suna ƙwaram-ƙwaram suke iso mana hanyar Maradi. Yakan yi dariyar wannan, ya ce, "Ɗan Gabi, ka ji aikina ya dawo gida da tari."

Ya kasance mai taurin kai, ba zan ɓoye ba. Masana'anta ta ba mu abin toshe kunne, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Amma na'ura tana faɗin yawan ƙara ne, shi kuma yana son ya ji daga ina take fitowa, sai ya zare abin toshewar. Nakan ce, "Wada, mayar!" Ya ce, "Kai naka kunnen ajiye shi don gulma." A hankali jinsa ya tafi. Da likita ya tabbatar, suka mayar da shi ofis wajen karanta sakamako. Duk da haka yakan sauko, ya ɗora tafin hannu kan mota, ya tsaya.

Ya kasance mai kunyar mahaifiyarsa. Inna, kin hana shi tafiya tun farko, shi ya sa ya rantsar da ni kada ki ji cewa aikin ya cinye masa kunnuwa. Saƙonninki na murya ni nake saurara, in rubuta masa. Yakan ce in maimaita masa wurin da kike sa masa albarka, yana kallon bakina.

Mu kuma me muka ce? Muka ce ya daina ɗaukar salula, Turai ta shiga kansa. Muka ce ana gaishe shi ba ya amsawa.

Yaya Ɗan Azumi, da kai nake yanzu. Zuwansa na ƙarshe, a bakin tafki, gaban masunta, ka yi ta kiransa daga baya, ya ci gaba da tafiya. Ka rantse ba ka ƙara yi masa magana, kuma ka cika. Ban ga laifinka ba, kowane wa zai ji zafin wannan. Amma wallahi bai ji ka ba. Ya rasu bai san abin da ya yi maka ba, yana tambayata ko maganar gonar Safo ce ta sa ka fushi.

Alkawarin da na yi masa ya ƙare ranar da na rufe masa ido. Saura naka. Sa'idu, ka dakata a nan, kada ka ci gaba sai Yaya ya yi magana. Yaya, in ka yafe, ka faɗa da ƙarfi, Inna ta ji, 'ya'yansa su ji.

Na gode muku da kuka zo. Allah Ya jiƙan Wada, Ya yafe masa, Ya sa ya ji kiran rahama ranar da za a yi shi. Mu da muka rage a nesa, Allah Ya maido mu gida da ƙafafunmu. Amin.