A Ƙasa Ka Sa Sunana

A layin wani shagon aika kaya da ke unguwar Waziriyya a ƙasa mai tsarki, murna ta hana Munzali, mai haɗa magunguna daga Kano, tsayuwa wuri ɗaya. Ya miƙa wa tsohuwar da ke bayansa waya.

"Hajiya, duba! Jaridar garinmu ta buga rubutuna! Wata shida ina damun editan nan."

"Mabruk, ɗana. Me ka ce a ciki?"

"Cewa na yi hukuma ta cire hannunta daga harkar mutane. Mai shago ya yi sana'arsa, mai gida ya zauna a gidansa, ba mai zuwa da takarda ya tashe shi. Yanzu so nake kowa ya rubuta, mu dame su har su ware mana shafi guda!"

"Wallahi ka burge ni! Yalla, rubuta nawa. Shekara talatin ina tuyar waina a unguwar Karantina, rana ɗaya aka shafa wa bangona jan fenti, katafila ta biyo baya. Ka kai wa jaridar garin nan."

Munzali ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya.

"Ta nan kuma, Hajiya? Wata mai zuwa fa kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama."

Ta yi dariya har mayafinta ya zame.

"Ashe sai daga nesa muryar taka ke fita! Halas, shi ke nan, kai ka rubuta, tunda ka iya. A ƙasa ka sa Mastura Usuman. Ni ba abin da ya rage mini da za a rushe."