Makunnin da Ke Jikin Ginshiƙi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiyarmu ta kafintoci da dattawan da suka rako shi. Hajiya, matar marigayi, uwarmu duka, ko da wasunmu sun girme ki. Malam Ƙarami, babban ɗansa, da ƙannenka maza da mata. Manaja. Dillalan katako, abokan ciniki, maƙwabta, da ku 'yan uwana ma'aikata da ke tsaye can baya: assalamu alaikum.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne tsohon mai fentin wannan wuri. Tun ana aiki a ƙarƙashin rumfar kwano nake tare da Maigida, har Allah ya sa aka gina wannan zaure da muke zaune a ciki. Da aka zaɓe ni in yi magana, an roƙe ni in taƙaita. Na ce to. Amma wanda ya aiki tsoho kasuwa ya san ba da wuri zai ga cefane ba.

Kafin in haɗu da Maigida na yi aiki a ƙarƙashin iyayen gida iri-iri. Na yi da mai tsawa, wanda in ya yi tari a ƙofa guduma takan faɗi daga hannun mutum. Aikinsa yana sauri matuƙar yana tsaye, in ya juya baya kowa ya miƙe ƙafa. Na yi da mai shawara, wanda sai ya tara mu ya ji ra'ayin kowa a kan launin ƙofa ɗaya, har mai ƙofar ya gaji ya rataya labule. Na kuma yi da wani bawan Allah da ya sakar mana komai, ba ya tambaya, ba ya dubawa. Mun so shi ƙwarai, har ranar da aka zo aka kwashe injinansa.

Maigida ya kasance yana da ɗan rabo daga kowannensu, sai dai ya san lokacin da ake fito da kowane. Ranar da wuta ta kama garin katako a bayan sito, bai nemi shawarar kowa ba. Ya yi mana tsawar da har yau ina jin ta a kunnen hagu, kowa ya bi inda aka nuna masa, aka kashe wutar. Ya kasance in za a sauya dillalin katako sai ya zaunar da masu yanka da masu gogewa, domin su ne katakon ke wa gardama a hannu. Ya kasance kuma bai taɓa tsayawa a kaina ina haɗa fenti ba. Yakan ce shi jan launi da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a idonsa, in ya sa baki ɓarna zai yi.

Amma abin da ya sa muka taru a bayansa, ba don albashi kaɗai ba, yana nan jikin wancan ginshiƙi na tsakiya. Ku waiga ku gani. Wannan jan makunni shi ke kashe babban injin yanka katako. Maigida da kansa ya sa aka ciro shi daga ɗakin lantarki aka kafa shi a fili, daidai kafaɗar mutum. Dokarsa kuwa ita ce, duk wanda ya ji injin ya sauya murya, ko ya ji ƙauri, ko dai zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kashe. Ba sai ya nemi izini ba. Babba ne ko sabon zuwa, ba a tambaya.

Dogo mai zarto yana nan, ga shi can ya sunkuyar da kai. A shekarar da ya zo mana, muna tsakiyar aikin teburan wata makaranta, mai kwangila yana tsaye a kanmu yana duba agogo, sai Dogo ya miƙa hannu ya kashe inji. Aka kwance, aka duba bel ɗin da ke juya zarto, aka duba haƙoran zarto, aka kira mai gyara. Babu komai. Lafiyar injin ƙalau, kuma yini ya tafi. Mai kwangila ya yi ta faɗa, yana cewa a gidansa da tuni an nuna wa wannan dogon hanya. Mu ma, gaskiya, mun zuba ido mu ga yadda za a wanke shi. Maigida ya kira shi gabanmu ya tambaye shi abin da ya ji. Dogo ya ce shi ma bai sani ba, wata ƙara ce dai. Sai Maigida ya ce masa, "Gobe ma in ka ji, ka kashe. Yinin nawa ne, hannun naka ne."

Da muka keɓe na ce wa Maigida ya yi sake, yanzu kowane malalaci ya sami hanyar hutu. Ya ce malalaci ba ya ɓuya, zai gane shi ta wata hanyar. Amma in ya kunyata Dogo yau, gobe wani zai ji ƙarar gaske ya tsaya yana tunanin kunya.

Kada a ce na zo wanke mamaci da sabulun ƙarya. Maigida bai iya tsari ba. Gam yakan ƙare muna tsakar aiki. Yakan yi wa mutum biyu alkawarin rana ɗaya, sannan ya ɓuya a wurina yana tambayata labarin jikokina har su gaji su tafi. Shi ya san halinsa, shi ya sa ya ɗauko Manaja da hannunsa. Kuma in faɗi gaskiya a gaban Malam Liman, tun da Manaja ya zo gam bai sake yankewa ba, kaya suna fita ranar da aka ce, kowa ya san aikinsa tun da safe. Wannan baiwa ce, wuri irin namu ba ya tsayawa sai da ita. Maigida yakan ce Manaja ya san inda kowane katako yake, shi kuma aikinsa ya san inda hankalin kowane mutum yake. Su biyun tare, keken yana tafiya daidai.

Sai ciwo ya kwantar da Maigida. Bai daɗe a asibiti ba muka zo da safe muka tarar an rufe makunnin da akwatin ƙarfe, an sa kwaɗo, mabuɗi yana aljihun Manaja. Dalili, wai ana yawan kashe inji, aiki yana baya. Da ma'aikata suka yi gunaguni aka ce musu ai an je an gaya wa Maigida a gadon asibiti, kuma ya gyaɗa kai.

Ban ce bai gyaɗa ba. Ni ma ina zuwa duba shi a kwanakin nan, Hajiya shaida ce. Likita ya tambaye shi ko da sauƙi, ya gyaɗa kai. Aka tambaye shi ko jikin ya matsa, ya gyaɗa kai. Ni na ce masa ya bar mini motarsa da gidan baya, ya gyaɗa kai har da murmushi. Ban dai zo karɓa ba tukuna.

A watan da ya wuce inji ya fara rawa a hannun Dogo. Ya miƙa hannu inda ya saba, ya taɓa kwaɗo. Aka ruga ofis, Manaja ya fita karɓo kaya, mabuɗi ya bi shi. Kafin a isa ɗakin lantarki zarto ya cafki katako ya yi jifa da shi. Ya wuce ta gefen kunnen Dogo ya fasa bango. Allah ya tsare, sai dai mutumin nan ya yi kwanaki ko cokali ya faɗi sai ya zabura, kuma yana da 'ya'ya da wannan hannun ke ciyarwa.

Kuna neman ramin a bango, na ga idanunku. Ba za ku gan shi ba. Wannan babban hoton marigayi da aka rataya, mai kyau, mai gilashi, a kan ramin yake zaune. Wataƙila dacewa ce. Bangon nan yana da faɗi, amma wataƙila nan ne haske ya fi kyau.

Akwatin ma ba ku gan shi ba, domin shekaranjiya aka cire shi, ranar da aka zo share wuri saboda baƙi. Na yi murna, na ce Alhamdu lillahi, an gane. Sai jiya na shiga ofis neman kujerar da zan zauna, na hango shi a ƙarƙashin tebur, an goge shi tas, kwaɗonsa a jiki, kusoshinsa an ɗaure su a leda an manna a gefe. Ni dai tsoho ne, ido ya yi rauni. Amma a sanina wanda ya yar da abu ba ya adana kusoshinsa.

Manaja, ɗana, ban ce kana da mugun nufi ba. Aikinka ne ka ga yini bai tafi a banza ba, kuma kana yin sa. Abin da babu yanzu shi ne wanda zai ce maka wannan yinin a bar shi ya tafi. Wanda ke faɗar haka mun kai shi makwancinsa.

Malam Ƙarami, da kai nake. Na san koyarwa ce sana'arka, ba ka taɓa riƙe zarto ba, kuma na san ba a gaya maka wannan ba, domin da na tambaye ka ɗazu a ƙofa ka ce wane akwati. Ba mu ce ka bar makaranta ka zo ka shaƙi garin katako ba. Bar wa Manaja tsarinsa, ya fi mu iyawa. Amma akwai magana ɗaya da ba ta manaja ba ce, ta mai wuri ce, kuma yau kai ne mai wuri. Gobe da safe za a ɗauke kujerun nan, a sauke hoto, Dogo ya tsaya gaban inji. Yana so ya san abin da hannunsa zai tarar a jikin ginshiƙi. Na ƙi tambayarka a ɗaki, domin maganar ɗaki a ɗaki take kwana. Ga Malam Liman, ga mahaifiyarka, ga mutanen mahaifinka.

To, na baya da ba ku ji ba, Malam Ƙarami ya miƙe ya ce a ɗauko akwatin yanzu a sa a motar Hajiya, kuma ba za a sake rufe makunni ba muddin sunan gidansu yana kan ƙofar nan. Hajiya ta ce tana da kaji, za ta sami abin yi da shi. Manaja ma ya ce ya ji. Mun gode, Malam Ƙarami, Allah ya yi maka albarka. Mun ji da kunnuwanmu, saura kuma mu gani, domin maƙerin da ya ƙera wancan akwatin bai mutu ba. Ni ba ni da aikin yi yanzu, kuma gidana ba nisa. Zan riƙa leƙowa gaisuwa.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo, da waɗanda suka yi hidimar wannan zama. Allah ya jiƙan Maigida, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙurin rashi. Allah ya ba magajinsa ƙarfin tsayawa kan abin da ya faɗa a gaban jama'a, ya ba Manaja ladan ƙoƙarinsa. Masu tsayawa gaban inji kuma, Allah ya mayar da kowannensu gida da yatsunsa cikakku. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.