Tukunya Ta Hannu

A wajen jiran mota, wata dattijuwa ta ƙura wa tukunyar da ke cinyar wata matashiya ido. Ta gane lotsawar marfin.

"'Yata, sabuwa ce?"

"Ta hannu ce, Mama. Maigidana ya samu aiki, ƙannensa sun dawo wajenmu. Ai gari ya fara daɗi, kowa sai sayen manyan tukwane yake."

"Kafin wani ya saya, wani ne ya sayar."

"Wataƙila wuri ta tare musu."

"Wataƙila." Dattijuwar ta shafa marfin. "Ba ta son wuta sosai, tana kama abinci ta gefe guda."

Matashiyar ta dubi marfin, ta dubi dattijuwar, ta ce, "Za ta ishe mu, Mama?"

"Ta ƙosar da 'ya'yana duka kafin neman aiki ya watsa su. Ki dai riƙa cika ta."