Ba Ta Sa Hannu Ba

Jawabin da shugaban ƙungiyar masu aikin wayarin ya yi a taron tunawa da tsohuwar shugabar ɗakin gwajin kayan wuta, wadda aka fi sani da Anti Sai-Na-Gwada.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma wakilin Ministan ciniki, ranka ya daɗe. Mai girma shugaban kwamitin majalisa mai kula da ciniki da masana'antu. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin 'yan kasuwa da na masu sana'a. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji, na hango ku can baya kun haɗa layi ɗaya. Mahaifiyarmu Inna, wadda ta haifa mana ita. Malam, maigidanta. 'Ya'yanta da ƙannenta. 'Yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Da Malam ya kira ni ya ce ni iyali suka zaɓa in yi magana, na ce masa, "Malam, ka san bakina fa. Ni mai wayarin ne, ban iya lulluɓe magana ba." Ya ce, "Shi ya sa na kira ka. Masu lulluɓewa sun yi mana yawa." Saboda haka wanda maganata ta taka, ya yi haƙuri, amma ba zan janye ba.

Ɗazu muka saurari saƙon ma'aikatar ciniki. An ce marigayiya ita ce ginshiƙin yarjejeniyar cinikin da aka ƙulla da ƙasashen waje, har za a sa wa zauren taron ma'aikata sunanta. Ranka ya daɗe, ɗan aike ba ya laifi, abin da aka ba ka shi ka karanta. Amma ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka cewa ba gaskiya ba ne. Matar nan ba ta sa hannu a yarjejeniyar nan ba. Ƙin sa hannun shi ya raba ta da aikinta. Ba za mu zauna a gaban uwarta da 'ya'yanta a shafa mata abin da ta ƙi da ranta ba, don kawai yau ba ta da bakin musantawa. Iyali sun ce in sanar, ba su ba da sunanta ba.

Bari in gaya wa wanda bai san ta ba ko wace ce. Injiniya ce, ita ke shugabantar ɗakin da ake gwada duk wayar wuta da soket da makunni kafin a bari su shiga kasuwa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ba zai manta warinsa ba, warin roba da aka gasa. Akwai dogayen tebura, akwai injin da ke jan waya har ta tsinke, akwai wata 'yar murhu da ake dafa robar waya a ga ko za ta narke. Ita kuma tana tsaye cikin farar riga, tabarau a kan hanci. Ɗan kasuwa zai shigo da takarda mai tambari kala-kala, ya ce, "Anti, ga shaida, an riga an gwada a can." Sai ta karɓa hannu biyu, ta karanta har ƙarshe, ta miƙa masa, ta ce, "Na ga takarda. Sai na gwada." Daga nan sunan ya bi ta. Mun taɓa tsokanar Malam, muka ce yaya aka yi ya same ta. Ya ce, "Ku bar ni kawai. Ni ma sai da ta gwada ni, kuma da ƙyar na tsallake."

Ta kasance mace da ba ta ɗaga murya, amma ba a tanƙwara ta. Ta kasance takan sauko daga ofishinta ta zo rumfarmu, ta zauna a benci tana nuna mana yadda za mu fere waya mu gane ta kirki da ta banza. Ta kasance idan ta kama kayanka ba ta wulaƙanta ka, sai ta ce, "Ɗan'uwa, gara ka yi asarar kwantena a nan da ka yi asarar ran wani a can." Mu da muke jan waya a bangon mutane, barcinmu a hannunta yake. In ta ce waya ta wuce, mukan ja ta da zuciya ɗaya.

Sai gwamnati ta zo da maganar yarjejeniya. Abin da aka ce shi ne za a sassauta haraji tsakaninmu da ƙasashen da muke sayen kaya a wurinsu, kuma hukumomin gwaji za su yarda da juna: abin da aka gwada a can ba sai an sake gwadawa a nan ba. Aka sa ta cikin tawagar masu tattaunawa. Ina so kowa ya ji wannan, domin an yaɗa cewa ita maƙiyiyar ci gaba ce. Wallahi ba ta ƙi yarjejeniya ba. Da muka je mata hankalinmu a tashe, ita ta kwantar mana. Ta ce, "Ciniki ba laifi ba ne. In gwajin farko na gaskiya ne, me ya sa za a wahalar da mutum sau biyu? Abu ɗaya nake so a rubuta: mu riƙe ikon ciro waya daga kowace kwantena mu gwada, in ta faɗi mu mai da ita inda ta fito. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

Ta rubuta wannan sharaɗi, ya shiga daftari. Mataimakinta yana cikin ɗakin ranar zaman ƙarshe, ga shi can zaune, kuma ya ba ni izini in faɗi abin da ya gani. Aka raba takardar ƙarshe, ta buɗe, ta nemi sharaɗinta sama da ƙasa, babu. Ta dubi babban sakatare ta ce, "Ranka ya daɗe, ina sharaɗin gwaji?" Ya ce, "Injiniya, kar ki kawo mana cikas. Baƙi suna jira, 'yan jarida suna jira." Ta ce, "Su sun cire nasu?" Ya ce, "Su ai suna da tsari." Ta ce, "Wato su za su gwada namu, mu ba za mu gwada nasu ba? Gidajensu ne kaɗai ke cin wuta?" Aka turo mata takarda ta sa hannu a madadin sashen gwaji. Ta rufe bironta, ta ajiye, ta ce, "Ku nemi wani hannun."

Jama'a, ku lura. Ba baƙi ne suka cire sharaɗin nan da ƙarfin tsiya ba. Baƙo ya zo neman riba, ya kare gidansa, ban ga laifinsa ba. Namu ne suka cire, don kada a makara wajen ɗaukar hoto. Aka nemi wani hannun, aka samu. Hannu ba ya wahalar samu a ma'aikata.

Me aka saka mata da shi? Aka ce an ɗaga ta zuwa ayyuka na musamman. Na je na gan ta. Ɗaki ne a ƙarshen baranda kusa da bayan gida, tebur ɗaya, kujera ɗaya, ko fayil ɗaya ba a kawo mata. Ɗakin gwaji kuwa aka ce ba a bukatarsa kuma, aka lulluɓe injina da tamfol, aka watsa ma'aikata. Ta yi ta zuwa tana zama har ta gaji, ta ajiye aiki.

Sai waya ta fara shigowa, mai kyan gani, mai arha, da tambarinta da takardarta. Muka fara jin tana ɗumi a hannu in an ɗora mata kaya. Muka kai kuka ma'aikata, aka ce kayan da ke da shaidar ƙasar da muka amince da ita ba a taɓa su, doka ce. Muka koma muka ci gaba da aiki, domin ita kaɗai ce a kasuwa.

Kun san abin da ya biyo baya. Benen teloli. Da rana tsaka, ana ta ɗinki, kekuna da dutsen guga duk a kunne, wuta ta tashi daga cikin silin. Matan da ke hawa na sama, masu ɗinki da masu koyo, hayaƙi ya tare musu matakala. Wasu an ciro su, wasu ba a ciro su da rai ba. Akwai iyayensu a cikin taron nan. Kafin toka ta huce an kama Dogo, ɗan ƙungiyarmu da ya yi wayarin ɗin benen, aka ce shi ya yi aikin banza ya kashe mutane. Mutumin da ya tsufa a kan tsani bai taɓa ƙona ko kejin kaji ba.

Wa ya tsaya masa? Ita. Matar da aka matsa wa har ta bar aiki. Ta sa safar hannu ta shiga cikin ƙonannen benen nan, ƙafarta na nutsewa a toka, ta ciro guntayen waya daga bango. Ta fere ta nuna mana: alminiyon ne siriri aka shafa masa ruwan jan ƙarfe a baya. Ta je kotu ta ba da shaida. Lauyan mai shigo da kayan ya ɗaga takarda ya ce, "Ga shaidar gwaji daga hukumar da gwamnatinmu ta amince da ita." Ta ce, "Ya mai shari'a, ba takarda aka ja a bangon nan ba. Waya aka ja." Aka saki Dogo. Amma mai kayan har yau yana kasuwa, domin yarjejeniya ta ce ƙorafi a kan kaya masu shaida sai kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen ya zauna. Kwamitin bai zauna ba. Wayar tana nan ana sayarwa. Wataƙila tana cikin bangon zauren nan da muke zaune.

Daga nan ta ji ana shirin kashi na biyu na yarjejeniyar, wanda zai haɗa da magunguna da madarar jarirai da tukunyar gas, shi ma ba sharaɗin gwaji. Ta nemi kwamitin majalisa ya saurare ta. Mai girma shugaban kwamiti, kana nan, in na yi ƙarya ka tashi ka ƙaryata ni. Aka sa mata rana, ta je, aka ce an ɗage. Aka sake sa rana, aka ce mambobi sun yi tafiya. Aka sake sawa, aka ce adadi bai cika ba. Kullum tana kan bencin barandar majalisa da jakar ƙonannun wayoyi a cinyarta, ga hawan jini. Babbar 'yarta ta ce mata, "Mama, ki bari haka, kin yi iya naki." Ta ce, "In na bari, wa zai faɗa? Waɗanda suka mutu?" A kan bencin nan ta faɗi. Masinja ne ya gan ta ya yi ihu. Aka kai ta asibiti, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya rufe. Matar da ta yi ta neman a ba ta dama ta yi magana, haka ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara furta kalma ba.

Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ajali daban, wulaƙanci daban. Ba ku da lokacin sauraronta tana raye, yau kun samu lokacin zama a kujerun gaba. To tunda kun zo, ku ji abin da ta je faɗa muku. A mai da sharaɗin gwaji. A yaye tamfol daga kan injinan nan, a dawo da ma'aikatan. A kwashe wayar nan daga kasuwa. Kuma kada a sa hannu a kashi na biyu sai an karanta wa jama'a shi da harshen da suke ji, domin mu ne za mu sha maganin, 'ya'yanmu ne za su sha madarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma ƙungiyarmu ta yanke shawara: daga yau babu ɗanmu da zai ƙara jan wayar nan a bangon kowa, ko da za mu zauna ba aiki. Kuma ranar da kwamitin majalisa zai zauna, za ku same mu a barandar nan, mu da teloli da ma'aikatan gwaji. Bencin ba zai ishe mu ba, za mu zauna a ƙasa.

Inna, ke kika yi mata tarbiyya, kin ga abin da tarbiyyarki ta haifa. Ba a so uwa ta binne 'yarta, amma kin binne wadda ba ta ci amana ba. Malam, kai ka ɗauki nauyin gida lokacin da aka juya mata baya, ba ka taɓa ce mata ta sassauta ba. Allah ya saka maka. Ku 'ya'yanta, za ku haɗu da masu ce muku taurin kai ne ya kashe uwarku. Kada ku sunkuyar da kai. Akwai gidaje da yawa a garin nan da ba su ƙone ba saboda taurin kan nan, mazauna cikinsu ma ba su sani ba. Ƙofar kowane ɗayanmu a buɗe take gare ku.

Muna godiya ga malamai, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi iya ƙoƙarinsu, da masinjan da ya tallafe ta, da duk wanda ya taso ya zo. Malam ya ce in sanar da cewa duk wanda ya ɓata mata tsakaninsa da ita, iyali sun yafe, su ma suna neman a yafe mata. Amma haƙƙin matan benen teloli ba namu ba ne, balle mu yafe shi.

Ya Allah ka jiƙanta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka jiƙan matan da wuta ta ci, ka sanyaya zukatan iyayensu. Ka ba iyalinta haƙuri. Shugabanninmu kuma, ya Allah ka shirye su. Wanda ba mai shiryuwa ba ne a cikinsu, ka shiga tsakaninmu da shi. Amin.