Kunyar gida ta hana ni aiki a Abijan

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Sunana Hamidu, ɗan Azagor ne ni, a yankin Dakoro, amma daga Abijan nake aiko da wannan wasiƙa.

Bayan fari ya cinye mana garke, na taho nan neman aiki. Na daɗe ina kwana a shagon wani ɗan Kornaka, kullum ina yawon tambaya. Rannan ya kai ni wurin wani mai gonar shanu da ke neman makiyayi. Mutumin ya dube ni ya ce, “Ka iya kiwo?”

Malam, a bayan saniya na tashi. Amma a gidanmu mutum ba ya yabon kansa, wani ke faɗa masa. Sai na sunkuyar da kai na ce, “To, ɗan kaɗan dai.” Ina jiran ɗan Kornaka ya ƙarasa, ashe ya fita amsa waya. Mai gonar ya ce shi ba ɗan koyo yake nema ba. Wani da ya bugi ƙirji aka ɗauka.

Yanzu amalanken ruwa nake turawa. Idan motar shanu ta wuce, kauda kai nake yi.

Dattawan Dakoro, ku ba ni shawara, ku ne kuka koya mana kunya. Ina gaida mahaifiyata, wadda har yau take ce wa maƙwabta ɗanta na kiwo a Abijan.