Ƙari a Saman Ƙoda

A ɗakin jira na sashen ƙarin jini a wani asibiti da ke birnin Melbourne, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"'Yar nan, lafiya? Tun ɗazu kike ajiyar zuciya."

"Ƙari suka gano min a saman ƙoda, Baba. Wai ba daji ba ne, yakan fito wa masu ciwon jini na gado irina. Ni dai na gaji."

"Kin gaya wa iyayenki?"

"Haba! Mahaifina da har yau yake ba ni haƙuri kan jinin da na gada? Kullum 'lafiya lau' nake ce masa."

Dattijon ya dubi ƙofar ɗakin ƙarin jinin.

"'Yata Despina tana ciki, ana ƙara mata jini," ya ce. "Ita ma haka take ce min."