Ranar da Baba Illo Ya Goga Mini Kiɗan Innata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rahila matar Ɗan Ladi, daga Agiye. Da yawanku da Hajo 'yar bori kuka san ni, kuma ba na musu, ni ce.

Wajen innata na gaji bori. Ga wanda bai sani ba, kowace iska tana da nata kiɗa, kuma ni da inna kiɗanmu ɗaya ne. Tun ina goye nake jin sa. Bayan rasuwarta, in mai goge ya ɗauko wannan kiɗa, ko tuwo nake tuƙawa sai na yar da muciya. In yi tsalle in faɗo da baya, ban san inda kaina yake ba sai an ba ni labari. Wannan giɓi da kuke gani a bakina, can na samo shi.

Maigidana ya riga ni karɓar Yesu, ni na biyo shi daga baya. Amma in faɗa muku gaskiya, tsoro bai sake ni ba. Na daina zuwa biki da suna. In na jiyo goge daga nesa sai in sake hanya, ko da ta bayan gari ce.

Shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai, da kaka, na kai man gyaɗa kasuwar Gazawa tare da Iya Saratu, tsohuwar da ta koya mini addu'a. Ɗana Yohana yana bayana, watansa biyar. Ashe an tara makaɗa don tarbar wani babban baƙo. Muna ratsa taro sai na ji an ce, "Hajo! Yau wa nake gani haka?"

Baba Illo ne, mai gogen da ya yi wa innata kiɗa har ta bar duniya. Na kau da kai. Ya yi dariya, ya gyara zama, ya ɗauko kiɗan nan.

Wayyo, 'yan'uwa! Gumi ya keto mini, ƙafafuna suka fara bin goge ba da izinina ba. Nan da nan mutane suka buɗe mini fili, har da masu guɗa. Abu ɗaya na sani: in na faɗi da baya, kan Yohana zan faɗa.

Iya Saratu ta sauke mini tulun mai. Na ce, "Iya, don Allah kwance yaron nan!"

Ta ce, "Ba ni karɓar shi. In na karɓe shi faɗuwa za ki yi. Ki kira Yesu, ki yi wa ɗanki waƙa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina lokacin gardama? Na ce, "Yesu, riƙe mini ƙafafu." Iyakar addu'ar ke nan. Na kai hannu baya ina bubbuga yaron, na kama waƙar renon da inna take yi mini, ina saka sunan Yesu a ciki. Muryata da ƙyar take fita. Goge na ja na can, waƙar na riƙe ni nan. Iya ta kama mini amshi da tsohuwar muryarta.

Sai hawaye. A nan na gane kewar innata ce ke cina duk shekarun nan, kuma ban taɓa yi mata kuka ina cikin hayyacina ba sai ranar.

Sau uku Baba Illo ya maimaita kiɗan, sannan ya ajiye goge. Ina tsaye. Na share fuska, na ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina gida?"

Ya daɗe yana dubana, ya ce, "Hajo, ke ce kuwa?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Na leƙa baya, Yohana barci yake yi, har da dalalar miyau. Muka wuce na sayar da maina.

Har yau in na ji kiɗan nan sai idona ya kawo ruwa, ba zan yi ƙarya a gidan Ubangiji ba. Amma a tsaye nake kukana, kuma ba na sake hanya. Godiya ta tabbata ga Yesu! Wanda yake da abin da ke kayar da shi, ya kira sunan nan ko da kalma huɗu ce, zai riƙe shi. Amin.